Yadda Na Yi wa Ƙaramar Tankar Yaƙi Fenti, Tun Daga Sayen Kwalba

Wanda ya sayi kwalin ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin wadda ake yanko guntayenta a harhaɗa da gam, haɗawar ba za ta wahalar da shi ba, domin takardar da ke cikin kwalin tana nuna komai da zane da lamba. Inda kai ke kullewa shi ne wajen fenti. Takardar za ta ce wuri kaza launi kaza, ta jera maka haruffa da lambobi, ta tsaya nan. Ba za ta gaya maka da me ake tsinka fentin ba, ba za ta ce ga wanda ake fara shafawa ba, balle ta ja maka kunne cewa wani fentin yana narkar da wani idan aka ɗora shi a kansa. Zan faɗi yadda na bi tawa daki-daki, ko mai shirin shiga wannan harka ya rage asarar kuɗi da ɓacin rai.

Tankar da na fara da ita T-34/85 ce, ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta shiga fagen Yaƙin Duniya na Biyu a 1944. Ma'auninta 1/35, wato kowane tsawo na ainihin motar an raba shi gida 35 an ɗauki ɗaya, kuma shi ne ma'aunin da aka fi yin tankoki da shi. Idan an gama haɗa ta, daga bayanta zuwa bakin igwa ta ɗan haura santimita 20. Da gangan na zaɓe ta, saboda launinta ɗaya ne tal, kore, wanda sojojin Sobiyet ke kira 4BO. A zatona kwalba ɗaya ta wadatar. Da na shiga intanet neman wannan koren, sai na tarar kusan kowane kamfanin fenti yana da kwalbar da ya rubuta wa 4BO ko koren Rasha, kuma babu biyu da suka zo ɗaya a hoto. Wani ya karkata wajen rawaya, wani ya yi duhu kamar zai koma baƙi, wani kore shar. Ga kuma jadawalin musayar lambobi da ake yaɗawa, masu cewa lamba kaza ta wannan kamfani ita ce lamba kaza ta wancan, su ma kowanne da abin da yake faɗi. Haka na riƙa raba dare ina kwatanta hotuna a fuskar waya, alhali ita kanta wayar tana sauya launi gwargwadon hasken da aka saita mata.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar, wanda wani abokina ya haɗa ni da shi, shi ya raba ni da wannan wahala. Na tura masa hotunan kwalabe ina tambayar wacce ce ta gaskiya. Sai ya ce, "Ƙanena, ajiye zancen launi tukuna. Da me za ka shafa, buroshi ko feshi? Ɗakin da za ka yi aikin yana da taga?" Na ce, "Yaya, buroshi ne, kuma a ɗakin da nake kwana." Ya ce to rabin abin da na turo masa ya fita daga lissafi tun yanzu. Game da launi kuwa bai tsaya dogon bayani ba. Tankokin nan masana'antu daban-daban suka ƙera su a tsakiyar yaƙi, rana ta dake su, ƙura ta lulluɓe su, an sake shafe wasu a fagen daga, don haka duk koren da ya yi kusa ya isa. Abin da ya ƙara shi ne in zaɓi mai ɗan haske, domin launin da ya yi daidai a jikin ƙatuwar mota yakan yi duhu da yawa a jikin abin da bai wuce tafin hannu biyu ba, ga shi duk shafin da zai biyo baya ƙara masa duhu zai yi.

Daga bayaninsa, da abin da na gani da idona daga baya, fentin wannan harka gida uku ne, kuma abin da ya raba su shi ne ruwan da ke narkar da kowanne. Inamel shi ne na da, irin 'yan gwangwanayen Humbrol masu mililita 14. Da farar tina ta mai ake tsinka shi, yana bin buroshi sumul, amma yana da wari kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin a iya ɗora masa shafi na biyu, kwana guda kafin ya ƙanƙame. Lakwa, irin Mr. Color na Japan, ɗan'uwan fentin fesa mota ne: nan da nan ya bushe, yana kama roba gam, amma tinarsa tana da zafi ƙwarai, tururinta kuma ba abin shaƙa ba ne. Na uku shi ne akirilik, kuma a nan ne mutum ke faɗawa rami, domin sunan ɗaya ne amma kayan biyu ne. Vallejo na Sifen, mai zuwa a 'yan robobi masu bakin ɗiga, na ruwa ne, da ruwa kake tsinka shi kake wanke buroshi. Tamiya kuwa, mai lambobin X na masu sheƙi da XF na marasa sheƙi, shi ma akirilik aka rubuta a jikinsa, amma akwai sifirit a cikinsa, shi ya sa za ka ga hoton harshen wuta a kwalbar. Tinarsa X-20A ce. Ka lura da wannan A ɗin da kyau, domin akwai X-20 marar A, wadda ta inamel ce, ba su haɗa hanya ba. Idan ka zuba sifirit a irin Vallejo na buroshi, guda-guda zai yi ya koma danƙo. Shi kuma Tamiya gwani ne a feshi, amma a buroshi yana saurin bushewa, har jan na biyu ya ɗago na farko, sai an ɗiga masa maganin jinkirta bushewa.

Ƙa'idar ɗora wani a kan wani ita ce abin da ya fi amfanata cikin duk abin da dattijon ya faɗa: mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Lakwa can ƙasa, akirilik a kansa, inamel ko fentin mai na masu zane a can sama. Idan aka juya, aka kwarara lakwa a kan inamel, tinar za ta ci na ƙasan ya yamutse. Dalilin da ya sa inamel ke zama lafiya a kan akirilik kuwa shi ne farar tina ba ta narkar da akirilik ɗin da ya bushe sosai, saboda haka za ka iya shafawa ka goge ba tare da ka taɓa koren da ke ƙasa ba.

Da wannan na zauna na rubuta abin da zan saya: kore na ruwa, baƙi, fari, ruwan ƙasa, launin tsatsa, launin ƙarfe, faraima (shafin farko da ke sa fenti ya kama roba), banish (shafin garai-garai da ake rufe fenti da shi) mai sheƙi da marar sheƙi, sai ruwan inamel mai duhu na fito da layuka da tinarsa, da buroshi uku, mai faɗi ɗaya da masu tsini biyu. Na yi odar su ta intanet, har da gwangwanin faraima na fesawa. Bayan na biya, sai ga saƙo daga mai sayarwa cewa an cire gwangwanin feshin da tina da ruwan inamel ɗin daga kayana, za a mayar mini da kuɗinsu. Raina ya ɓaci, na zaci wasa da hankali ne. Ashe doka ce ta sufuri: gwangwanin feshi da ruwa mai kama wuta suna cikin kaya masu haɗari, gidajen aika saƙo ba sa ɗaukar su a jirgin sama kamar sauran kaya. Wannan bayani yana nan a shafin mai sayarwar, amma can ƙasa da ƙananan rubutu. Kuɗin sun dawo bayan jira, sauran kayan kuma suka kama hanya. Dole na nemi wani mai sayarwa da zai iya turo tinar da inamel ɗin ta ƙasa, na sake biyan kuɗin aike karo na biyu. A nan na ga inda kuɗin wannan harka ke zurarewa. Kwalba ɗaya ba ta da tsada, amma kuɗin aiken 'yan kwalabe kaɗan yana iya kamo kuɗin fentin ko ya wuce shi, don haka wanda ya riƙa yin oda ɗaya-ɗaya duk lokacin da ya tuna wani launi, aike zai yi ta ciyarwa. Maimakon gwangwanin feshin, na ɗauki faraima na ruwa wanda ake shafawa da buroshi.

Jiran ya kai makonni, tankar tana zaune tsirara a kan tebur, na rufe ta da kwali saboda ƙura. Da kayan suka iso na buɗe koren, sai na ga wani ruwa garai-garai yana fitowa daga bakin robar, babu launin kirki. Gabana ya faɗi, na ce an aiko mini da lalatacce. Ba lalacewa ya yi ba, kwanciya ya yi: garin launin ya zauna a gindi, ruwan ya taso sama. Sai an girgiza shi da gaske, har hannu ya gaji, ko a jefa ɗan ƙwallon ƙarfe marar tsatsa a ciki ya riƙa motsa shi. Na gwangwani kuwa girgiza ba ta isa, sai an sa tsinke an tono abin da ya daskare a ƙasa. Idan ba a yi haka ba, fentin da aka ce marar sheƙi ne sai ya fito yana ƙyalli, domin sinadarin da ke dusashe shi yana cikin abin da ya kwanta.

Kafin in taɓa tankar, na bi shawarar dattijon na tara cokulan roba farare, irin na yarwa, na mayar da bayansu wurin gwaji. Duk abin da zan yi wa tankar sai na fara yi wa cokali, in rubuta a mariƙinsa abin da na shafa da lokacin da na shafa. A jikin cokali na ga abubuwan da da a jikin tankar suka faru da na yi kuka. Koren da na shafa a kan roba tsirara, farce kawai na sa ya kankaro shi. Wanda na shafa a kan faraima ya zauna daram. Shi kansa faraima na ruwa, cokalin da na goga wa samfefa da yamma bayan na shafa da safe, sai ya ɗago yana naɗewa kamar fata, amma wanda ya kwana ya yini ya karɓi gugar. Bushewa a ido daban, ƙanƙamewa daban, kuma wannan tazara ce ke cin mutane.

Tankar na fara wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda maiƙon hannu da na injin da ya zuba robar, na bar ta ta bushe sarai, har cikin lungunan da ruwa ke maƙalewa. Ban manne komai da komai ba. Kan tankar mai ɗauke da igwa na bar shi daban, tayoyi goma na ƙasa, biyar a kowane gefe, na soke kowacce a tsinken sakace na kafa su a jikin soso, sarƙar ƙafa ma daban. Faraima mai ruwan toka na shafa siriri, kuma yana hawa ya tona asirin aikina: ga layin haɗin bakin igwa yana nan ɓaro-ɓaro, ga wurin da gam ya zubo a gefen tankin mai na baya. Kafin faraima ido bai gan su ba. Na jira ya ƙanƙame, na goge da samfefa mai laushi, na sake taɓa wuraren. Masu amfani da faraiman Mr. Surfacer za su ga lambobi 500, 1000, 1200 da 1500 a kwalabensa. Ƙaramar lamba ita ce mai kauri, babba mai laushi. Mai 500 ɗin har ana dandaɓa shi da tsohon buroshi a kan irin wannan tanka don ya fito da kaushin ƙarfen da aka narkar aka zuba, domin kan T-34/85 zubi ne, ba sumul yake ba.

Shafin kore shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Na ɗiga fenti a marfin roba, na ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin madara, yana gangarowa amma yana barin launi a inda ya bi. Shafi na farko muni gare shi ƙwarai. Dabbare-dabbare, faraima yana leƙowa ta ko'ina, sawun buroshi a fili. Zuciya za ta ce ka koma ka cike wuraren da suka yi fari, ko ka ɗebo fenti mai kauri ka rufe komai a sha ɗaya. Duk wanda ya bi ta, ya binne kan ƙusoshi da layukan walda da ragar saman inji, waɗanda su ne kyan abin. Na ɗaure na bar shi. Na biyu na ja buroshin ta gicciyen na farko, abin ya fara haɗuwa. A na uku ne tankar ta zama kore ɗaya sumul, kuma kowane ɗan kan ƙusa yana nan a tsaye. Tsakanin shafi da shafi nakan ba shi kamar awa guda, bayan na ƙarshe kuma kwana da yini. Daga nan na haɗa koren da ɗigon rawaya mai ruwan ƙasa, na taɓa saman kai da murafen ƙofofi da duk inda rana za ta fi duka. Da fari zalla koren yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli, shi ya sa rawaya ta fi.

Ƙananan wurare ba su da wani sirri sai natsuwa. Robar da ke zagaye da tayoyi ba a yi mata baƙi wuluk, toka mai duhu ta fi kama da gaskiya, kuma juya tayar a kan tsinkenta ake yi buroshi yana tsaye wuri ɗaya. Sarƙa na yi mata ruwan ƙasa mai duhu, na goga bakin fensir a wuraren da ke cin ƙasa su yi ƙyallin ƙarfe. Idan sarƙar kwalinka irin ta roba mai laushi ce mai lanƙwasuwa, kada inamel ya taɓa ta, domin yakan ƙi bushewa a kanta ya yi ta danƙo.

Lambobin da ke gefen kan tankar, farare, sitika ce ta ruwa: a yanko, a tsoma a ruwa 'yan daƙiƙoƙi, a zame ta daga takardarta zuwa jikin tanka. A cokali na ga dalilin da ya sa ake cewa a fara shafa banish mai sheƙi. A kan fenti marar sheƙi, wanda fuskarsa ke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska tana maƙalewa a ƙarƙashin sitikar, sai gefenta ya riƙa walƙiya kamar azurfa, kowa ya gane manne aka yi. A kan mai sheƙi kuwa kwanciya take yi lumui. Akwai ruwan tausasa sitika, irin Micro Sol, da ake ɗigawa a kai don ta bi kaushin jikin. Yana hawa za ka ga sitikar ta yamutse kamar ta lalace. Kada ka taɓa ta, da kanta za ta miƙe idan ta bushe. Na sake rufe ta da banish mai sheƙi, na kuma jira.

Matakin da ya fi faranta mini rai shi ne na ruwan inamel mai duhu. Na tsoma buroshi mai tsini, na ɗan taɓa gindin murfin ƙofar direba, sai ruwan ya ruga da kansa ya zagaye murfin, ya bi layin walda, ya taru a gindin kowace ƙusa, ni ban ja komai ba. Tankar da ta yi kama da abin wasan yara nan take ta fara nauyi a ido. Bayan kamar minti 15, na jiƙa wani buroshi da farar tina, na matse shi a tsumma har ya kusa bushewa, na share inda ya yi yawa, ina ja daga sama zuwa ƙasa don ragowar ta yi kama da sawun ruwan sama. Abu ɗaya da za a kiyaye: tinar inamel idan ta taru a wurin da aka manne ko wurin da roba ke a matse, tana sa robar ta yi gautsi ta karye. Ba a yi wa tankar wanka da ita, taɓawa ake yi. Kuma ranar da na yi wannan aiki a bakin taga na yi shi, ban kwana da tsumman a ɗaki ba.

Ƙujewar fenti da ɗan yagin soso na yi ta, na tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, na dandaɓa a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan na taɓa gefunan ƙofofi da inda sojoji ke takawa. A ganina nan ne mutane ke wuce gona da iri, su mayar da motar da ba ta fi 'yan watanni a fagen daga ba kamar wadda ta shekara 30 a juji. Garin launi mai kama da ƙura na sa a tayoyi da ƙasan jiki, na rufe da banish marar sheƙi. Banish ɗin nan ma siriri ake shafa shi, kuma ba a ranar da iska ke da laima sosai ba, domin yakan yi hazo fari. Wani abin da dattijon ya gargaɗe ni a kai tun kafin in gamu da kwalbar: X-21 na Tamiya ba banish ba ne, sinadari ne da ake zubawa cikin fenti mai sheƙi don ya dusashe, idan aka shafa shi shi kaɗai fari fat zai mayar da tankar. Banish ɗinsu mai sheƙi X-22 ne, marar sheƙi XF-86.

Tanka ta biyu ce ta kai ni ga sayen alƙalamin feshi da kwamfuresa mai ba shi iska, kuma su ne suka fi komai cin kuɗi a harkar, sun fi duk kwalaben da na tara. Panzer IV ce ta Jamus. Tankokin Jamus a farkon yaƙin yawanci toka mai duhu suke, RAL 7021 a lambobin launi na Jamus, sai a Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, RAL 7028, ana yi mata dabbare da koren zaitun RAL 6003 da ja mai ruwan ƙasa RAL 8017. Waɗannan biyun a gwangwani ake raba wa rundunoni da kauri, su tsinka da fetur ko ruwa ko abin da ya samu, shi ya sa a nan ma neman launi ɗaya na gaskiya aikin banza ne. Na yi amfani da XF-60 da XF-61 da XF-64 na Tamiya, na tsinka da X-20A kusan rabi da rabi, bakin alƙalamin milimita 0.3, ƙarfin iska tsakanin PSI 15 da 20 a ma'aunin kwamfuresa. Feshi yana gaya maka laifinsa idan ka iya karanta shi. Idan fuskar ta yi rairayi-rairayi, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, wato ka yi nisa ko ya yi kauri. Idan ya watsu kamar ƙafafun gizo-gizo, ya tsinke da yawa ko ka matso da yawa. Idan yana tofar da ruwa, laima ce ta taru a tiyo, sai kwamfuresa mai matatar ruwa. Wanke alƙalamin bayan kowane zama yana cin lokaci kusan kamar feshin kansa, kuma allurarsa ko ɗan lanƙwasa ta yi ta tashi aiki. Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin tina. Mai gwangwanin tace tururi ake sawa, taga a buɗe, ko da akirilik ne, domin abin da aka fesa ya zama ƙura mai shiga huhu.

Da zan ba mai farawa shawara, sai in ce ya fara yanke hukunci kan buroshi ko feshi, da kuma irin iskar ɗakinsa, sannan ya zaɓi gidan fenti ɗaya ya tsaya a kansa da tinarsa, har ya san halinsa. Ya karanta sharaɗin aike kafin ya biya, ya haɗa odarsa wuri ɗaya. Manyan saiti masu kwalabe da yawa ban ga amfaninsu ga mai tanka ɗaya ba, domin yawancinsu haka za su bushe ba a buɗe ba, alhali kwalbar kore ɗaya ta shafe T-34 ɗina har ta yi saura mai yawa. Gara a sa kuɗin a buroshi mai kyau, wanda bakinsa ke komawa tsini bayan wanki. Idan kuma aikin ya ɓaci, ba a jefar da tanka: akirilik yana fita da sifirit na aisofurofil da tsohon buroshin haƙori, robar ba ta ji komai ba, a sake daga faraima.

Ina da ɗan littafi yanzu da nake rubuta kowane haɗi a ciki, ɗigo nawa na kore da ɗigo nawa na rawaya, domin ranar da wata taya ta ƙuje ba za ka iya tuno haɗin da ka yi watanni baya ba. Kwalaben kuma a inuwa nake ajiye su, nesa da zafi da sanyin da ke daskarar da ruwa, wanda ke kashe akirilik na ruwa gaba ɗaya. Kafin in rufe kowace sai na goge bakinta da tsumma, saboda fentin da ya bushe a nan shi ke hana marfi zama, iska ta shiga. Wadda marfinta ya riga ya kafe, a kifa ta a tsoma marfin cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan a murɗa da tsumma maimakon filaya.